Wai Amurka ta iya ƙwallo ne, ko dai kuɗi ne kawai?

Auwal Gunners: Salam jama'a. Jiya a gidan kallo wani yaro ya tsaya kai da fata wai nan da shekara goma Amurka za ta ɗauki kofin duniya na maza, saura kaɗan mu ba hammata iska wallahi. Na ce masa ƙasar da ko sunan wasan ba su iya faɗa ba, wai soka, ita ce za ta ɗaga kofi? Lig ɗin da ba a faɗawa ajin 'yan dagaji, ka yi na ƙarshe shekara biyar a jere kana nan daram ba mai taɓa ka, wannan ai ba lig ba ne, adashe ne. Waɗanda suka san abin su zo su raba mu.

Sadiq Admin: To ga fili ga mai doki. Amma don Allah banda zagi, wancan satin sai da na fitar da mutum biyu.

Baba Habu Tsohon Gola: Auwalu ɗana, ka fara gyara abu ɗaya kafin mu shiga. Kalmar soka ɗin nan ba Amurkawa ne suka ƙirƙire ta ba, daga Ingila ta fito, su mutanen naka, gutsure kalmar asosiyeshan aka yi don a bambanta ta da ragbi. Daga baya Turawan Ingila suka yar da ita suka koma suna yi wa waɗanda suka ara dariya.

Auwal Gunners: Baba ranka ya daɗe na karɓi wannan. Amma sauran maganar fa tana nan.

Baba Habu Tsohon Gola: Ba ta nan duka. Ku yaran yanzu kun ɗauka Beckham ne ya kai musu ƙwallo a aljihu. Hukumar ƙwallonsu tun 1913 aka kafa ta, kafin ma a haɗe kudu da arewa a nan. Kofin ƙalubalensu, Open Cup, tun 1914 ake buga shi, kuma a farkon lokacin kulob ɗin ma'aikatan kamfanin ƙarfe ne, Bethlehem Steel, yake ta kwashewa har sau biyar. Baƙi ne suka riƙe wasan, 'yan Sikotland da Ingila da sauran waɗanda suka je aikin masaƙu. Kofin duniya na farko a Uruguay 1930 har wasan kusa da na ƙarshe suka kai, sun ci Beljiyam 3-0, sun ci Paraguay 3-0, kafin Ajantina ta yi musu ruwan ƙwallaye 6-1. Mutumin da ya fara cin uku rigis a wasa ɗaya a tarihin kofin duniya ɗan Amurka ne, Bert Patenaude, sai a 2006 ma FIFA ta tabbatar masa da abinsa, ya daɗe a kabari.

Auwal Gunners: Ƙasa 13 ne fa kawai suka je 1930 ɗin Baba. Ko 'yan layinmu aka tura da sun kai sami fainal.

Ibro Maradi: Hhhh Auwal kai ba ka da dama.

Baba Habu Tsohon Gola: To 1950 fa? A Brazil, garin Belo Horizonte, Ingila ta zo kofin duniyarta na farko tana taƙama ita ce uwar wasan, Amurka ta ci ta 1-0. Ka san su wa suka ci ta? Golansu Frank Borghi motar ɗaukar gawa yake tuƙawa, Walter Bahr malamin makaranta ne, wanda ya jefa ƙwallon da ka kuma, Joe Gaetjens, ɗan Haiti ne da yake karatu a New York yana wanke-wanke a gidan abinci. Ni a matsayina na tsohon gola labarin Borghi ne yake burge ni, mutum ya taso da wasan besbol, ƙafarsa ba ta da wani kirki, hannu ne kawai, ya tsare ragarsa minti casa'in. Shi kuwa Gaetjens ƙarshensa ba daɗi, ya koma Haiti, a 1964 'yan sandan shugaban ƙasar, Papa Doc, suka ɗauke shi, ba a sake ganinsa ba.

Anty Bilki: Subhanallahi. Ban taɓa jin ƙarshen labarin ba sai yau.

Auwal Gunners: Bayan nan kuma sai me? Faɗi gaskiya Baba kar ka tsallake.

Baba Habu Tsohon Gola: Bayan nan barci. Shekara 40 ba su sake leƙa kofin duniya ba sai 1990. A nan kam kana da gaskiya.

Nura Columbus: Salamu alaikum, yanzu na tashi daga aiki na tarar da saƙo sama da talatin. Auwal bari in ba ka amsa kan maganar adashe tunda ni a nan nake zaune shekara goma sha ɗaya, kuma ina zuwa filin. Abin da ka ce adashe ba ka yi nisa da gaskiya ba, amma sai ka san me ya sa suka yi haka. Sun taɓa gwada irin wadda kake so, kowa ya kashe kuɗi yadda ya ga dama. NASL sunan lig ɗin, daga 1968. New York Cosmos ta kawo Pele a 1975, ta kawo Beckenbauer da Carlos Alberto, wasu suka kawo Cruyff da George Best, fili ya cika maƙil, sai kowane attajiri ya ce shi ma sai ya sayi kulob, aka yi ta buɗe kulob kamar shagon cajin waya har suka kai 24, ƙananan suna ƙoƙarin kamo Cosmos da kuɗin da ba su da shi, kafin ka ce kwabo an fara rufewa ɗaya bayan ɗaya, bayan kakar 1984 lig ɗin gaba ɗaya ya mutu murus. Ƙasa guda ba ta da babban lig na fili shekara goma sha ɗaya. To wanda maciji ya sara in ya ga tsumma ai sai gudu.

Sadiq Admin: Nura ci gaba muna bi, amma ka riƙa sa aya don Allah numfashi na ya ƙare.

Nura Columbus: Afuwan Admin, a mota nake rubutawa kafin in tayar. To da FIFA ta ba su kofin duniya na 1994, a 1988 aka yi sanarwar, sharaɗin shi ne sai sun kafa lig. MLS ta fara a 1996 da kulob 10. Tsarin da suka yi shi ne lig ɗin kamfani ɗaya ne. Ɗan wasa ba da kulob yake sa hannu ba, da lig yake sa hannu. Masu kulob ɗin masu hannun jari ne a kamfanin, an ba kowa gari ɗaya ya gudanar. Akwai iyakar albashin da ba a wucewa. Akwai zaɓen yaran jami'a duk shekara, wanda ya yi na baya a teburi shi ke fara ɗauka. Kun ga in Dallas ta yi asara, mai New England ma ya ji a jikinsa, don haka ba wanda zai yarda a jefa abokin kasuwancinsa rami.

Auwal Gunners: Wato ka yi rashin ƙoƙari a ba ka lada. Ka zo na ƙarshe a ba ka yaron da ya fi kowa iyawa. Allah mai iko.

Nura Columbus: Haka lig ɗinsu na ƙwallon hannu mai kwalkwali, NFL, da na kwando, NBA, suke, su a wurinsu ba abin mamaki ba ne. Kuma ko da wannan takatsantsan ɗin ma saura ƙiris ta mutu. Farkon 2002 sai da suka rufe kulob biyu na Florida, Tampa Bay Mutiny da Miami Fusion, attajirai ƙalilan ne suka riƙe sauran, Philip Anschutz shi kaɗai yana da kusan rabin lig ɗin a hannunsa, sai iyalan Lamar Hunt da Robert Kraft. Ka yi tunanin mutum ɗaya ya mallaki Arsenal da Tottenham da Everton da Villa lokaci guda.

Ɗan Zango Kumasi: To in sun haɗu wa yake goya wa baya? Hhh

Ibro Maradi: Ni abin da na tuna an ce a farkon MLS ba a yin canjaras, agogo ma baya-baya yake tafiya kamar na kwando. Gaskiya ne?

Nura Columbus: Gaskiya ne. In an tashi kunnen doki sai a ajiye wa ɗan wasa ƙwallo yadi 35 daga raga, a ba shi daƙiƙa biyar ya ruga da ita ya ci gola. Sun ɗauka Ba'amurke ba zai iya kallon wasan da ba wanda ya ci ba. Masu son ƙwallo na gaske suka yi fushi, waɗanda ake son jawowa kuma ba su zo ba, aka yi biyu babu, bayan 1999 suka watsar.

Baba Habu Tsohon Gola: Ni kuwa da za a dawo da shi da na so. Ya fi fenareti adalci ga gola, aƙalla za ka fito ka rufe masa kwana.

Auwal Gunners: Nura ka amsa min wannan tsakaninka da Allah. Wata na tara, kulob ɗinka yana can ƙasan teburi, ba za ka shiga wasannin ƙarshe ba, ba kuma za ka faɗa ba. Me zai kai ka fili? A Firimiya wasan na 17 da na 18 a watan Mayu ya fi wani fainal ɗin zafi, mutane na kuka da hawaye. Wannan tsoron shi ne gishirin ƙwallo.

Nura Columbus: Ba zan yi maka ƙarya ba, irin wannan wasan lami ne, na sha barin tikitina a gida. Amma su tsoronsu daban ne, kuma ya fi naka muni. Kai kulob ɗinka zai faɗa ya dawo. Su ɗauke kulob ɗin ake yi ɗungurungum a kai wani gari. San Jose aka kwashe 'yan wasanta da kocinta aka kai Houston a 2006, suka canja suna suka ci kofi a shekarar, suka ƙara ci a ta gaba, mutanen San Jose suna kallo a talabijin. Mu ma nan a 2017 mai Columbus Crew ya ce zai mayar da ita Austin a Texas. Kulob ɗin da yana cikin goman farko, wanda Lamar Hunt ya gina wa filin ƙwallo zalla na farko a MLS a 1999. Wallahi na ga dattawa da rawayen gyale a gaban majalisar jiha cikin sanyi, kowace mota da sitika, har a shagon ɗan Somaliyan da nake sayen nama an manna. Jiha da birni suka shigar da ƙara, ƙarshe wasu suka saye kulob ɗin ya zauna, shi kuma aka ba shi sabo a Austin. Sai ga shi mun ɗauki kofi 2020 mun ƙara a 2023.

Auwal Gunners: "Mun" ɗauka. Nura an zama ɗan gari.

Nura Columbus: Kai da ba ka taɓa taka Landan ba kake cewa "mun sayi Rice", ni da nake biyan haraji a nan ne ba zan ce mun ba?

Ibro Maradi: Wayyo cikina. Auwal a kawo ruwa?

Sadiq Admin: Ɗaya da nema. Amma Nura tambaya, in akwai iyakar albashi ya aka yi Messi ya je? Ai albashinsa kaɗai ya fi na wasu kulob ɗin gaba ɗaya.

Nura Columbus: Ƙofar da aka buɗe wa Beckham ce a 2007 da zai zo LA Galaxy. Aka ce kowane kulob zai iya ɗaukar ɗan wasa na musamman wanda kaɗan daga albashinsa ne kawai za a lissafa cikin iyakar, yanzu har uku ake yarda. Kuma a kwantiraginsa aka sa masa damar sayen sabon kulob a dala miliyan 25. Ita ce Inter Miami da ta fara a 2020, ita ta kawo Messi a 2023. San Diego da ta shigo a 2025 ta cike 30 kuwa dala miliyan 500 ta biya kuɗin shiga. To Auwal ka faɗa min, ka biya miliyan 500 sannan a ce maka baɗi za ka iya faɗawa ƙaramin lig, za ka sa hannu?

Auwal Gunners: Ka ga ka dawo kan maganata. Kasuwanci ne ba ƙwallo ba.

Nura Columbus: Akwai USL a ƙasa, kamfani ne daban ba ruwansa da MLS, su a 2025 sun kaɗa ƙuri'a za su fara hawa da sauka a tsakanin rukunansu. Sai mu gani ko zai yi.

Anty Bilki: Tun ɗazu nake karantawa ina jira in ga ko akwai wanda zai tuna cewa ƙasar nan tana da kofin duniya huɗu. Shiru. Auwal ka ce ba za su ɗauki kofi ba, ƙanena 1991, 1999, 2015, 2019. Ga zinaren Olamfik biyar, 1996, 2004, 2008, 2012 da 2024 a Faransa. Ko matan ba 'yan Amurka ba ne?

Auwal Gunners: Anty ai na ce na maza tun farko, duba sama.

Anty Bilki: Na gani, amma tambayarka a take ita ce ko sun iya ƙwallo. Kuma dalilin da matan suka yi fice shi ne yake bayyana dalilin da mazan suka maƙale, shi ya sa ba za a raba ba. A 1972 aka yi wata doka, Title IX, ta ce duk makarantar da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya ba za ta fifita maza kan mata ba, har da wasanni. Jami'o'i suna kashe maƙudan kuɗi kan ƙwallon hannunsu ta maza mai kwalkwali, to dole su samar wa mata gurabe su ma, ƙwallon ƙafa kuma tana ɗaukar mutum da yawa ba tsada. Sai ga yarinya tana samun karatu kyauta da koci da fili mai ciyawa saboda ta iya taka leda. A lokacin nan fa Ingila sai a 1971 ta ɗage haramcin da ta sa wa mata tun 1921, Brazil ma doka ce ta hana su har ƙarshen shekarun 1970. Wato su suna gudu sauran duniya ko takalmi ba ta ɗaura ba. Da aka yi kofin farko a Chaina 1991 Michelle Akers ta ci biyu a fainal suka doke Norway 2-1. Na 1999 a gida mutum 90,185 ne suka cika Rose Bowl, da fenareti suka ci Chaina.

Baba Habu Tsohon Gola: A wannan gasar ce suka yi wa Falcons 7-1 a Chicago. Mu muka fara ci ma tun minti na biyu, kamar mun tsokano gidan rina.

Anty Bilki: Baba kar ka tuna min. Amma dai mun kai kwata fainal a shekarar, Brazil ta fitar da mu 4-3 da ƙyar. Abin da nake so ku lura, da Turai ta farka kulob irin su Barcelona da Lyon da Chelsea suka zuba kuɗi, tazarar ta ragu, a 2023 Sweden ta fitar da su tun zagayen 'yan 16, abin da bai taɓa faruwa ba. Sai da suka ɗauko koci Emma Hayes daga Chelsea. Lig ɗinsu ma sau biyu yana mutuwa, WUSA da WPS kowanne kaka uku ya yi, NWSL da ta fara 2013 ce ta tsaya da ƙafarta, ita ce Oshoala ta je a 2024, Bay FC.

Ɗan Zango Kumasi: Anty maganar ƙarar da suka kai hukumarsu fa, an ce yanzu kuɗinsu ɗaya da maza?

Anty Bilki: Eh. Sun shigar da ƙara a Maris 2019, wata uku kafin su je su ci kofi. Lauyoyin hukumar suka rubuta wa kotu wai aikin maza ya fi buƙatar ƙwarewa, ƙasa ta ɗauki zafi, shugaban hukumar Carlos Cordeiro ya sauka a 2020, Cindy Parlow Cone ta hau, ita ma tana cikin waɗanda suka ci na 1999. A 2022 aka sasanta kan dala miliyan 24, sannan aka yi yarjejeniya har kuɗin da FIFA ke bayarwa na kofin duniya ana haɗa na maza da na mata a raba daidai. Kuma ku sani hukumar ba ta gwamnati ba ce, ƙasar ko ma'aikatar wasanni ba ta da ita, wakilan 'yan wasa da na lig-lig da na ƙungiyoyin yara ne ke zaɓen shugaba, kuɗi kuma daga talla da tikiti da talabijin.

Auwal Gunners: To na ji na mata. Mazan fa me ya hana jami'ar ta yi musu abin da ta yi wa mata?

Nura Columbus: Yauwa nan ne gizo ke saƙar. Yaron Brazil ko Faransa yana shekara 18 ya riga ya fara buga wa manya. Na Amurka a 18 yake shiga jami'a, kakarsu wata uku zuwa huɗu ce kacal, ya fito yana 22 sannan zai fara. An bar shi a tasha. Yanzu dai kulob ɗin MLS suna da makarantunsu kyauta, amma kafin yaro ya kai can fa? Bari in ba ku nawa. Ɗana Abdul yana shekara 11, yana da ƙafar hagu mai kyau ba don ɗana ba ne. Aka ɗauke shi a wani kulob na yara a nan, ba zan faɗi suna ba. Suka turo min takarda, kuɗin shekara ya kusa dala dubu uku, ban da riga kala biyu da jaka da dole a wurinsu za ka saya, ban da gasa a wata jiha da za ka tuƙa awa biyar ka kama otal ɗin da su suka zaɓa kwana biyu. Na zauna da maman Abdul muka yi lissafi a teburin kicin har sha biyun dare, ta ce Abban Abdul ko dai mu haƙura, kuɗin nan fa na ginin gida ne. Shekara ɗaya muka yi muka cire shi. Kuma abin haushin, duk Lahadi a wani fili kusa da mu yaran 'yan Mexico da Somaliya da Ghana suna buga wasan da wallahi rabin yaran kulob ɗin can ba za su taɓa ƙwallo a ciki ba, ba wanda ke zuwa kallonsu da littafi a hannu.

Anty Bilki: Allah sarki Abdul. Yana bugawa har yanzu?

Nura Columbus: Yana yi a makaranta Anty, da filin Lahadin. Bai ce komai ba ranar da na faɗa masa, takalmin kawai ya ɗauka ya wanke ya ajiye, wannan ya fi min ciwo.

Baba Habu Tsohon Gola: Ka yi haƙuri Nura, rabo ba ya wuce mai shi. Clint Dempsey ma a gidan tirela ya tashi a Nacogdoches ta Texas, awa uku ake tuƙa shi zuwa Dallas atisaye, har sai da ya dakata don a samu kuɗin tanis ɗin yayarsa. Ga shi shi da Landon Donovan ne suka fi kowa ci wa tawagar maza ta ƙasar, 57 kowannensu.

Auwal Gunners: Ikon Allah, ko'ina a duniya ƙwallo wasan talaka ce, a can ta zama ta masu hali. To ka ga shi ya sa na ce ba za su ci ba. Ku duba ma tawagar, Balogun iyayensa 'yan Najeriya ne a Landan ya tashi, Arsenal ce ta raine shi. Yunus Musah iyayensa 'yan Ghana, Italiya da Ingila ya girma. Weah ɗan George Weah ne. Pulisic yana 16 ya gudu Dortmund. Ina wanda tsarin nasu ya ƙera?

Nura Columbus: Tyler Adams daga makarantar Red Bulls ya fito, McKennie da Pepi daga ta Dallas. Kuma Balogun da Musah da Weah duk a New York aka haife su, haƙƙinsu ne. Kai da Lookman da Iwobi da Ola Aina suke buga maka kake wannan maganar?

Ɗan Zango Kumasi: Ku bar ni in shigo nan, don in ana maganar Amurka a kofin duniya mu ne likitocinsu. 2006 a Jamus 2-1 muka tura su gida. 2010 a Afirka ta Kudu 2-1 kuma, Asamoah Gyan a ƙarin lokaci, ranar a Zango ba wanda ya yi barci, wata tsohuwa a layinmu da murfin tukunya ta fito tana kaɗawa.

Sadiq Admin: Ka tsaya a 2010 ko? 2014 fa?

Ɗan Zango Kumasi: Netwok ɗina ba kyau Admin.

Ibro Maradi: Ni zan taimake ka. Dempsey daƙiƙa 30 da farawa, John Brooks da ka ana dab da tashi, 2-1.

Baba Habu Tsohon Gola: Raina su da ake yi ne yake ba su nasara wani lokacin. 2002 sun ci Portugal ta Figo 3-2, sun fitar da Mexico 2-0, Jamus ta tsira da 1-0 a kwata fainal bayan Frings ya tare ƙwallo da hannu a kan layi rafali ya kau da kai. 2009 a kofin zakarun nahiyoyi sun ci Sifaniya 2-0 lokacin ta yi wasa 35 ba a doke ta ba, a fainal har sun sa wa Brazil biyu kafin a rama a ci su 3-2. Ingila kuwa har zuwa Qatar sau uku suna haɗuwa a kofin duniya ba ta taɓa cin su ba, 1950 an ci ta, 2010 1-1 da golan Ingila Green ya saki ƙwallo ta bi ta hannunsa, 2022 ba ci.

Auwal Gunners: Sannan Trinidad ta hana su zuwa kofin duniya na 2018 a Rasha.

Baba Habu Tsohon Gola: Ramuwa ce. A Nuwamba 1989 Paul Caligiuri ya ci Trinidad a gidansu lokacin canjaras kawai suke nema su je Italiya, har gwamnati ta riga ta ba da hutu. Suka riƙe abin shekara 28, Oktoba 2017 a Couva suka biya bashi 2-1. Da Caligiuri bai ci wannan ba, da Amurka za ta karɓi baƙuncin 94 tana shekara 44 rabon ta da gasar, abin kunya.

Sadiq Admin: Baba 94 ɗin kana ina?

Baba Habu Tsohon Gola: Kaduna, Tudun Wada. Wasanmu da Bulgeriya a Dallas cikin dare aka yi, muka fito da talabijin ƙofar gida muka ɗora kan benci, aka ɗauke wuta ana saura kaɗan a fara, wani makanike maƙwabcinmu ya jawo batirin mota. Da Yekini ya shiga raga ya riƙe ta yana ihu sai da bencin ya kife. Amokachi ɗan garinmu ya ƙara, Amunike ya cike. Sannan Baggio ya zo ya yi mana abin da ya yi kusa da Boston saura minti biyu, har yau ban yafe ba, da ya harba fenareti sama a fainal na ce alhaki ne. Amma ƙasar ta yi mana rana, bayan shekara biyu a can Georgia muka ci Brazil 4-3 muka ci Ajantina 3-2, da Tijjani Babangida da Garba Lawal a tawagar. Kuma ku 'yan raini, gasar 94 mutum sama da miliyan uku da rabi suka shiga fili, da wasa 52 kacal, har Qatar ba a kamo ta ba.

Auwal Gunners: Cika fili daban, iya wasa daban Baba. Na 2026 ma ƙasa 48, wasa 104, garuruwa 11 nasu cikin 16, an ɗauko Pochettino an ba shi kuɗi, duk na sani. Ni dai ina nan kan bakana, ranar da yaran filin Lahadin Nura suka fara shiga tawagar ku zo mu sake magana.

Ɗan Zango Kumasi: Aƙalla su da mu sunanmu na cikin 48 ɗin. Wasu kuwa Kongo ta raka su gida da fenareti.

Sadiq Admin: Ɗan Zango gargaɗi na farko.

Nura Columbus: Hhh ku bar shi ya ci lokacinsa. Ni zan tayar da mota, Abdul na jira na a makaranta. Auwal in kana so ka ga wasan Crew ranar Asabar, bakwai da rabi na yamma ne a nan, wajen sha biyu da rabi na dare a wurinku.

Auwal Gunners: Sha biyu da rabi saboda adashe? Turo min sakamako da safe kawai.